Layar Bajamushe

Ranar da aka buɗe akwatin babanku bayan sadakar arba'in, Nafisa ce ta zaro farin ƙyallen nan daga ƙarƙashin rigunansa, ta warware, rabin ƙarfe ya faɗo a kan tabarma. Ina zaune ina kallonku. Kuka juya shi gaba da baya, kuka ga lambobi da wasu baƙaƙen boko da ba na Turanci ba, kuka dubi juna. Mustafa, kai ne ka sunkuya ka ce wa 'yan'uwanka a hankali, ashe dai da wani abu a maganar. Ka ɗauka kunnena ya mutu. Bai mutu ba, na ƙyale ka ne don gidan cike yake da baƙi. Na san abin da kuka taso kuna ji a bakin dangi, wai an koro babanku daga Alƙahira ne saboda ya sayar wa Turawa asirin ofis. Shi ya ƙi kare kansa a gabanku har ya koma ga Allah, haka halinsa yake. Ni kuwa mai magana ce, kuma ina wurin, da idona na gani, don haka zan rubuta muku yadda aka yi.

A lokacin muna zaune a Madinat Nasr cikin Alƙahira, unguwar da ake kira Hay el-Sabi', a wani bene mai matattakala da duhu ko da rana tsaka. Babanku tafinta ne a ofis, yana juya Larabci zuwa Turanci, Turanci zuwa Larabci. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, wanda ya sani ya sani. Zamanin mulkin soja ne a gida, tsoro ya biyo mu har Masar. Kowa yana kallon kowa. Mutum ya yi atishawa a ɗakinsa da safe, kafin azahar an yi masa sannu a ofis. Akwai doka biyu da kowace matar ma'aikaci ta haddace kamar Fatiha: ma'aikaci ba ya hulɗa da ɗan wata ƙasa sai ya sanar, kuma ba ya fita wajen birni sai da izini. Ga kuma Am Sayyid, bawwab ɗinmu, wato mai gadin bene, zaune a benci a bakin ƙofa da kofin shayinsa, yana murmushi yana ƙirga ƙafafun da suka hau da waɗanda suka sauka. Ban taɓa sanin wa yake kai wa rahoto ba, amma ban taɓa shakkar yana kaiwa ba. Ni dama Allah ya yi ni mai zargi, ba na jin kunyar faɗa. A irin wannan zama zargin nan ne ya riƙe mana gida shekara da shekaru.

A wannan shekarar aka kawo mana kakanku, Baba Kofur, daga Zariya don a cire masa yanar ido. Ku kun san shi tsoho mai raba muku alewa, ba ku san shi da soja ba. Da ƙuruciyarsa Turawan Ingila suka kwashe su zuwa yaƙin duniya, aka sa shi a rundunar 'yan aiki, masu haƙa rami da sauke kaya, aka kai su har saharar Masar ɗin nan. Bai cika ba da labarin ba. Babanku ɗansa ne na fari, saboda haka ba ya faɗin sunansa, sai dai ya ce "kai yaro", alhali yaron furfura ta fara masa. Ni kuma "'yar nan" yake ce mini, tun ranar da aka kawo ni gidan har ya rasu.

Babanku ne ya ba ni labarin yadda suka haɗu da Baturen. Suna zaune a ɗakin jira na likitan ido, Baba da bandeji a ido ɗaya, can gefe ga wani farin tsoho shi ma da nasa bandejin. Unguwar kusa take da filin jirgi. Sai wani jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa, tagogi suka yi rawa. Duk ɗakin ba wanda ya motsa sai tsofaffin nan biyu, suka ɗan duƙar da kai suka karkata kunne lokaci guda. Baba ya taɓa gwiwar babanku.

"Kai yaro, wancan ya ga yaƙi. Tambaye shi a ina."

Babanku ya so ya share, amma ba a share Baba. Ya tambaya da Larabci, Baturen ya amsa da Larabcin Masar tsantsa kamar a nan aka haife shi. Ya ce sunansa Otto, Bajamushe ne, kuma a saharar nan ya yi yaƙi, amma daga sama.

"Ka ce masa ni kuma daga ƙasa," in ji Baba. "Ka ce ya zo gida mu yi shari'a."

Da babanku ya dawo ya gaya mini an gayyato Bature gidanmu, sai da na ajiye ludayi. Na ce Malam, ka manta dokar ne? Ya ce tsoho ne, ba zai ma zo ba. Ran Juma'a bayan la'asar sai ga shi da kwalin basbusa, wani kayan zaƙi na Masar, a hannu, dogo, ya ɗan rankwafa, bayan hannunsa na hagu duk tabon ƙuna. Am Sayyid da kansa ya rako shi har ƙofa yana "itfaddal ya hawaja", wato shigo Bature, idonsa kuwa a cikin falonmu. Daga ranar muka riƙa kiransa Hawaja Otto. Wai ya zo Masar ne da daɗewa aiki a masana'antar jiragen sama, ya auri Bamisriya, ta rasu, ba ɗa ba jika, ya yi zamansa. Ni dai labarin bai kwanta mini ba. Bature ya tsufa, ƙasarsu ga asibiti ga fansho, me ya zaunar da shi cikin hayaniyar Alƙahira? Kuma duk tsofaffin da ke zuwa asibitin nan, me ya sa sai uban tafintan ofis? Basbusarsa ban ci ba, ban bar ku kun ci ba, Am Sayyid na ba. Na ce in da wani abu a ciki, a fara da shi.

Ya mayar da zuwan kowace Juma'a. Ni kuma na mayar da lungun da ke tsakanin falo da kicin wurin tsince shinkafa. Tunda nake ban taɓa tsince shinkafa kamar ta watannin nan ba, har wadda ba ta da tsakuwa sai da na tsince. Ina jin komai, don sai babanku ya juya wa Baba da Hausa. Ina jira in ji ranar da zai karkata zance ya tambayi harkar ofis, wa ya zo, wa ya tafi. Bai taɓa ba. Zancensu ɗaya, jirgi. Ranar farko Baba ya tura leɓe ya yi wani irin fito mai hawa da sauka, ya ce haka jiragensu suke yi in sun nufo ka. Hawaja ya yi dariya har da hawaye a idonsa mai lafiya, ya ce wallahi shi ne, kukan injin ne in ya zuƙi iska.

"Ka gaya masa," in ji Baba, "mun zage shi, mun zagi uwarsa da ubansa, muna kwance cikin rami."

"Ka ce masa mun cancanta," in ji Hawaja.

A lungun nan na san jirgin da ban taɓa gani ba. Ba shi da suna a bakin Hawaja sai lamba, ɗari da tara. Mutum ɗaya yake ɗauka. Mazaunin ya matse har kafaɗunka biyu suna gogar ƙarfe, sannan a kifa maka murfin gilashi daga gefe kamar murfin akwati. An shafe shi da fenti kalar rairayi da ɗigo-ɗigon kore. Ƙafafunsa a haɗe suke kusa da juna, wajen sauka in matuƙi ya yi kuskure kaɗan sai ya wuntsila, ya ce yara da dama haka suka mutu ba tare da abokin gaba ya taɓa su ba. Mansa ba ya kai mutum nesa, ido ɗaya a sama yake, ɗaya a ma'aunin mai. Su kuma matuƙan a farkon yaƙin, wasu gemu bai gama fito musu ba, an cika musu kai cewa ba wanda ya isa ya kama su, kuma da fari haka abin ya yi kama. Wanda ya harbo jirgi sai a ja masa layi a wutsiyar nasa da fenti. Biyu-biyu suke tashi, na gaba yana farauta, na baya ba shi da aiki sai gadin bayan na gaba. Hawaja shi ne na gaba. Yana magana yana tashi da tafukan hannunsa biyu a iska, ɗaya yana bin ɗaya. Wani lokaci ya ɗauki biro ya zana gaɓar teku da layin dogo a gefen jarida. Da zarar ya fita nake ɗauke jaridar in ƙone a kicin. Taswira da hannun Bajamushe a falon ma'aikacin gwamnati, ai ko mahaukaci ya san abin da za a kira ta.

Ba ni kaɗai nake kallo ba. Wata rana Hajiya Rabi, matar abokin aikin babanku, ta zo wai kawo mini daddawa da aka aiko mata daga gida. Ta zauna, ta sha shayi, ta duba labule, ta duba kujeru.

"Maman Sadiya, an ce wani farin tsoho yana yawan hawa benen nan. Maƙwabta ne suka yi baƙo?"

"Abokin asibitin Baba ne."

"Ayya. Tamam. Ni dai na ce bari in gaya miki, kin san bakin mutane. Mu ai namu ido ne."

Nata idon kuwa ya yi aiki sosai a ranar. Da babanku ya dawo na tsare shi. Ya ce zai sanar a ofis in Baba ya warke, yanzu in ya sanar za a ce a daina, kuma tunda Baba ya zo Masar bai ga yana dariya ba sai ran Juma'a.

Ana nan, wata Juma'a Hawaja ya tambayi Baba ko ya taɓa ganin jirgin a kusa. Baba ya ce ya gani, har ya taɓa. Ya ce suna aiki a gefen layin dogo wata safiya, sai ga ɗaya ya taho ƙasa-ƙasa yana hayaƙi, ba fito ba komai, ya wuce su ya faɗi bayan wani tudu. Aka tura su su huɗu da shebur, dukansu Hausawa, su dubo. Suka tarar jirgin ya kafa hanci a rairayi, matuƙin yana ciki rai ya yi halinsa. Yaro ne ƙarami, gashinsa kamar gemun masara.

"Ba a ce mu binne shi ba," in ji Baba. "Amma ai ba a barin ɗan Adam ga ungulu. Muka haƙa masa irin namu, da 'yar ciki, muka kwantar da shi ta dama, fuska gabas. Mu haka muka iya binne mutum. Muka jera duwatsu. Washegari aka kwashe mu gaba, ba wanda ya tambaye mu komai. Ka gaya masa ko agogonsa ba mu cire ba. Ko layarsa ba mu taɓa ba."

Baba ya faɗi wannan da ɗan alfahari, yana gyara zama. Babanku ya juya wa Hawaja da Larabci. Na leƙa ta gefen labule. Hawaja ya ajiye kofi, ya tambaya wace irin laya. Baba ya ce irin tamu, 'yar ƙarama, an ɗinke cikin fata kamar aikin dukawa, a rataye a wuya. Ya ce ɗaya daga cikinsu ya kai hannu zai buɗe, babbansu ya buge hannun, ya ce ba a buɗe layar mutum, mai buɗewa shi ke kwasar abin da ke ciki. Hawaja ya miƙe, ya nemi sandarsa, ya fita ko sallama bai yi ba. Na ce a raina, yauwa, ga abin da yake nema ya fara fitowa. Na kwana biyu ina lissafin me ke cikin layar nan, na ce zinariya, na ce takardar sirri, na ce taswirar inda suka binne makamai.

Juma'ar da ta biyo ya dawo ba basbusa. Ya zauna, ya buɗe maɓallin rigarsa, ya zaro wata 'yar jakar fata baƙa ƙirin da tsufa a igiya. Baba ya kai fuska kusa, ya ce irinta ce, sak. Hawaja ya buɗe ya zazzage a tafin hannunsa. Wani falalen ƙarfe ne mai siffar ƙwai, da tsaga a tsakiya, lambobin da ke sama su ne a ƙasa. Ya ce kowane sojansu yana da shi, da yawa suna sa shi a jakar fata don kada ƙarfen ya ƙona musu ƙirji a zafin sahara. In soja ya mutu, wanda ya tsince shi, ko abokin gaba ne, sai ya karya biyu, ya bar rabi a jikin gawa, ya miƙa rabi ga manya. Da rabin nan ake sanar da iyaye. In ba a kai rabin ba, mutum bai mutu ba a takarda, ya ɓata ne kawai.

"Namu a fili suke a zare," in ji Baba a hankali. "Ja da kore. Wa zai ce wannan shi ne nasu?"

Hawaja ya ce ba laifinsu ba ne, ma'alish, wato ba komai. Sannan ya ba da labarin na bayansa, wani yaro Rudi. Wata safiya suka tashi tare, ya hango jirgin abokan gaba ya bi, da ya waiwayo babu kowa a bayansa. Ba a ga jirgin ba, ba a kawo rabin ƙarfe ba. Bayan yaƙi ya je wurin uwar yaron. Gidan ya rushe rabi, amma ta ƙi tashi, wai kada ya dawo ya rasa ta. A nan ta tsufa, a nan ta mutu.

"Shi ne muka binne?"

"Ban sani ba. Da yawa sun faɗi a wurin. Wataƙila shi ne, wataƙila wani ne mai tasa uwar."

Daga baya babanku ya gaya mini cewa uwar Baba ita ma haka ta riƙa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Zariya tana duba fuskokin sojoji, har ranar da ta ga tasa. Daga wannan Juma'ar Baba ya daina cin abinci. Ba rigima, ba kuka. In na durƙusa na ajiye kwano sai ya ce, "An gode, 'yar nan," in dawo in tarar da shi a rufe yadda na bari. Sai ruwa da ɗan koko, shi ma sai an yi da gaske. Na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, na yi fate, na yi duk abin da na san yana so. Mutumin da ya yi shekara hamsin da wani abu yana ganin ya yi aikin lada, rana ɗaya aka nuna masa ya bar wata uwa a bakin ƙofa. Wuyansa ya zurma, likita ya ce idon ba zai warke ba in jiki ba abinci. Na ji haushin Hawaja kamar in shaƙe shi. Da bai zo da jakarsa ba da tsohonmu yana nan yana cin tuwonsa.

Sai wata safiya Baba ya kira babanku.

"Kai yaro, a kai ni wurin. Da Baturen. In na ga tudun zan gane. A tono a karya masa abin nan."

A ɗaki muka yi ta da babanku, murya ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji. Na ce Malam, wannan fa shi ne abin da Baturen yake so tun farko. Ya lallaɓa tsoho ya nuna masa wuri, ya sami mai katin ofis ya shige masa gaba a hanya. Wa ya san ko akwai Rudi a duniya? Wa ya ga hotonsa? Na ce aƙalla ka nemi izini. Ya ce in ya nema dole ya rubuta sunan Bajamushe da wajen da za a, za a hana, kuma a buɗe masa fayil.

"In an hana, in koma in ce wa Baba an hana. Zai ce to, ya juya fuska bango. Kina so ubana ya mutu da yunwa a gidana, tukunya tana kan wuta?"

"In aka kama ka fa? Aikinka, makarantar yaran nan?"

"Na sani."

"Ko da Baturen maƙaryaci ne?"

"Ko da maƙaryaci ne. Ba shi ya ce a kai shi ba, Baba ne."

Da na ga ba zai juyu ba, na ce to ƙafata ƙafarku, in ma cuta ce a yi ta a gabana. Na kai ku wurin maƙwabciyarmu. Na yi dambun shinkafa da busasshen zogale na zuba a kula, ko da Allah zai sa Baba ya ci. Muka fita ran Juma'a da sassafe a tsohuwar motar Hawaja, babanku yana tuƙi, Am Sayyid yana ɗaga mana hannu da murmushin nan nasa. Ni da Baba muna baya, idona a kan ƙeyar Bature tun daga Madinat Nasr har bakin teku.

Muka bi gaɓa yamma, muka wuce manyan maƙabartun Turawa, sannan muka tsallaka layin dogo muka yi kudu a wata hanyar burji. Ba mu yi nisa ba hanya ta ƙare a jikin waya mai ƙaya, da allo mai hoton ƙoƙon kai. Wani makiyayi Balarabe ya ce mana daga nan ba a wucewa, nakiyoyin yaƙin suna nan a binne, har yanzu suna tashi da tumaki. Aka fito da Baba. Ya dafa waya, ya buɗe sabon idonsa da aka sha wahala a kai, ya duba dama, ya duba hagu. Tudu ga shi nan, ga wani, ga wani bayansa, duk kala ɗaya. Ya nuna ɗaya, ya sauke hannu. Ya nuna wani, ya sauke.

"Duk ɗaya ne," in ji shi. "Kai yaro, duk ɗaya ne."

Ban taɓa jin muryar Baba haka ba. Amma ban ɗauke ido daga hannun Hawaja ba, ina jira in ga ya zaro na'ura ko ya tsinci wani abu. Abin da ya zaro jakar fatar nan ce. Ya fito da ƙarfen, ya kamo hannun Baba ya ɗora masa, ya yi alamar a karya.

"Ai ya ce sai mamaci ake karya wa," in ji Baba.

"Ka ce masa na yaron nan muke karyawa," in ji Hawaja. "Nawa ba mai nema, ba ni da kowa."

Baba ya yi bisimilla ya lanƙwasa. Ƙarfin hannunsa ya tafi, sai da ya yi ta lanƙwasawa gaba da baya kafin ya rabu. Hawaja ya karɓi rabi, ya durƙusa da kyar, ya zura hannu ƙarƙashin waya ya tura shi cikin rairayi ya rufe. Ɗaya rabin ya dunƙule a hannun Baba.

"Wannan shi ake kaiwa gida. Gidansu ba kowa. Ka kai naka."

A hanyar dawowa aka tare mu a shingen jami'an tsaro. An ga mota a bakin wayar, an buga waya. Bajamushe ɗaya, baƙaƙen fata uku, ɗaya da katin ofis, sun fito daga wurin da ba a zuwa. Aka shiga da babanku wani ɗaki, Hawaja wani ɗakin, ni da Baba aka bar mu a benci a inuwar bango. Ina ta Innalillahi a zuci, ina hango babanku ta taga a tsaye, jami'i yana juya katinsa a hannu. Na san aiki ya tafi. Ina cikin wannan sai na ji an taɓa ni.

"'Yar nan, ina dambun nan da kika zo da shi?"

Na ɗauko kula, na zuba masa ruwa ya wanke hannu. Ya ci, ya ci, har da siɗe yatsa, jami'ai suna wucewa suna kallonmu.

Kafin magariba aka sake mu, amma rahoto ya riga mu isa Alƙahira. Aka zaunar da babanku gaban manya a ofis. Ya faɗi gaskiya tun daga ɗakin likita har bakin waya. Ya ce wani daga cikinsu ya yi dariya. Ban ga laifinsa sosai ba, ni da nake wurin ma da kyar na yarda, wa zai yarda mutum ya jefar da aikinsa saboda kabarin Bajamushe, kabarin ma da ba a samu ba? Suka tambaye shi ko Baturen ya ba su wani abu. Da ya ce a'a da wataƙila an tsaya a gargaɗi, amma babanku bai iya ƙarya ba. Ya ce ya ba da rabin ƙarfe mai lambobi. Suka ce ya kawo, za a aika gida a bincika. Ya ce na Baba ne, ba zai karɓe daga hannunsa ba. Wannan ƙin shi ya gama komai. Aka mayar da mu gida tsakiyar zangon karatu. Aka ajiye shi a ɗakin fayil, mutumin da ya iya harshe uku, ba ƙarin girma, ba a sake tura shi ko'ina ba har ya yi ritaya. Sadiya, karatun likitan da kika ci buri a Masar a nan ya tsaya, na san ya daɗe yana cin ki. Ban ce wani ya kai ƙara tun kafin tafiyar ba. Na dai san mijin Hajiya Rabi ne ya hau kujerar, kuma Am Sayyid bai yi mamaki ba da ya ga muna ɗaure kaya.

Hawaja ya zo sallama. Suka riƙe hannun juna shi da Baba, ba tafinta. Ba mu ƙara jin labarinsa ba. In kun tambaye ni yau ko na yarda da shi, zan ce ban sani ba. Ban ga hoton Rudi ba, ban san abin da ya yi a yaƙi wanda bai faɗa a falona ba, layukan da aka ja a wutsiyar jirginsa ma ai 'ya'yan wasu ne. Har yau wani lokaci ina tsince shinkafa in ce anya. Abin da na sani shi ne bai tambayi asirin ofis ba, babanku bai ba shi ba, kuma ƙarfen da kuka juya a tabarma ba kuɗin cin amana ba ne. Baba ya riƙe shi a aljihun gaba har ciwon ajali, ya ba babanku, babanku ya naɗe a ƙyalle. Mustafa, tunda kai ka yi magana, kai za ka riƙe shi.

Na daɗe ina jin haushin babanku, ba zan ɓoye muku ba. Duk ranar da ya dawo da ƙurar fayil a hannun riga sai abin ya taso mini. Bayan ya yi ritaya, wata rana muna zaune a tsakar gida ina gyaran zogale, na kasa haƙuri na tambaye shi.

"Malam, tsakaninka da Allah, a ɗakin nan da suka tsare ka, ba ka yi da-na-sani ba?"



"Na yi," in ji shi. "Ina tsaye ina yi. Sai na duba ta taga na ga Baba ya kai loma baki. Daga nan ban ƙara jin abin da jami'in yake tambayata ba."